CT ko MRI: wanne ke nuna ciwon tangaɗi na gado?

Ɗan'uwa daga wajen Ringim, ka ce ƙaninka ya fara tangaɗi, maganarsa na sarƙewa kamar yadda mahaifinku ya yi. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa na CT aka ce ba a ga komai ba, yanzu likita ya ce MRI, kana tambaya ko ba asarar kuɗi ba ce.

Ba asara ba ce. Inda irin wannan ciwo ke taɓawa ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, mai daidaita tafiya, motsin hannu da furuci. Ƙashi mai kauri ya kewaye ta, shi kuwa CT da hasken eksire yake aiki, ƙashin sai ya dagula hoton daidai wurin da ake son gani. Mintuna kaɗan an gama, kuɗinsa da sauƙi, in zubar jini a ka ake zargi shi ne na gaggawa. Nan ƙarfinsa yake.

MRI da maganaɗisu yake aiki, ƙashi ba ya tare shi. Za a kwantar da ƙaninka a cikin na'urar kamar minti 30 zuwa 45, ga ƙara, kuma kada ya motsa. In akwai ƙarfe a jikinsa ku faɗa tun kafin a shiga. A hoton da aka ɗauka ta gefe, likita zai ga ninkin ƙwaƙwalwar sun sirance, ratar da ke tsakaninsu ta buɗe. Wurin da ya motse ma yana taimaka wa likita wajen hasashen nau'in ciwon. A nau'in da likitoci ke kira SCA6 kusan ƙaramar ƙwaƙwalwar kaɗai ke motsewa, a SCA2 har da tushen ƙwaƙwalwa. A nau'in Friedreich, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 1996, lakar wuya ce ke sirancewa, ƙaramar ƙwaƙwalwar da farko tana iya fitowa kamar lafiya lau.

Amma fa hoto ba ya faɗin sunan nau'in, sai gwajin ƙwayoyin gado a jini. Tunda daga uba ya sauko kan ɗa, likita zai fara zargin nau'in da kowane ɗa ke da kashi 50 cikin 100 na gadonsa. Don Allah kada a tsaya kan zancen sammu. Ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Malam Aminu Kano, ku tafi da hoton CT ɗin, da wani dattijo da ya san wa da wa suka yi ciwon a dangi.