Mai zane ya wuni ɗaya, ko ya riƙa zuwa har ƙarshen zango?

Malama, kin ce kuɗin da makarantarku ta ware ba zai isa abu biyu ba: ko a gayyato mai zane ya wuni yana zagaya ajujuwa, ko ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako har zangon karatu ya ƙare, amma da aji ɗaya tak. Ni na biyun zan ɗauka, sai dai da sharaɗi.

Na wuni ɗaya amfaninsa a fili yake, kowa ya samu rabonsa. Yaron da bai taɓa ganin wanda zane ne sana'arsa ba, yau ga shi a gabansa, hannu duk fenti. Amma ki yi lissafi. A ce kowane aji ya samu minti 40, rabon kaya da wanke buroshi sun cinye 15. Abin da zai yiwu a sauran lokacin shi ne aikin da ba ya buƙatar jira: zanen gawayi, yanka takarda a manna, ko fentin akirilik da ke bushewa cikin rabin awa. Saboda ƙurewar lokaci, mai zanen yakan zo da samfurinsa, yara su kwaikwaya. Da an tashi sai ki ga tsuntsaye 30 a jikin bango, kamar uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su. Hoton zai yi kyau, ban musa ba.

Na tsawon zango kuwa, kayan aikin ma kansu suna neman lokaci. Ɗauki yumɓu. Abin da aka gina sai ya sha iska mako ɗaya ko biyu kafin a gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,000 a ma'aunin Celsius. In da sauran danshi, ruwan ya zama tururi ya fasa shi. To, yarinya ta gina kofi, ta dawo mako na biyu ta tarar mariƙin ya ɓalle yana kwance a gefe. Mai zanen bai gyara mata ba. Ya nuna mata yadda ake kankare wurin haɗin da tsinke, a shafa yumɓu mai ruwa-ruwa, sannan a danne. Ta sake ginawa, wannan karon ya kama. Wannan sakewar ita ce ba a samu a ziyarar wuni ɗaya, kuma a ganina a nan karatun yake.

Wasu da suka yi suna a wannan harka hanyar zama suka bi. A makarantun yara na Reggio Emilia da ke Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta, mai zane ma'aikaci ne na dindindin, da ɗakin aikinsa. A firamaren Caol da ke Sikotilan, an buɗe ɗakin zane mai suna Room 13 a 1994, inda ɗalibai da kansu suka riƙa tafiyar da ɗakin tare da mai zanen da ke zaune da su.

Ga sharaɗin. Dole malamin aji ya zauna a ciki, ya naɗe hannun riga ya taɓa yumɓun, kada ya ɗauki lokacin a matsayin hutun duba littattafai. Kuɗin irin wannan shiri ba ya ɗorewa. Ko Creative Partnerships na Ingila, shirin haɗa masu fasaha da makarantu da aka fara a 2002, ya tsaya a 2011 da aka janye tallafi. Ranar da mai zane ya tafi, abin da malami ya koya shi ke saura. Ban da haka ma, baƙo bai kamata a bar shi shi kaɗai da yara ba. Idan babu malamin da zai ɗauki wannan nauyi, gara ki yi na wuni ɗaya.

Sauran ajujuwa za su yi ƙorafin an ware su, wannan kam babu makawa. Sai a tsara makon ƙarshe ya zama ajin ne zai koya wa na kusa da shi. Kafin ki sa hannu a yarjejeniya kuma, ki nemi kantar da ayyuka 30 za su bushe ba tare da mai shara ya kwashe su ba.