Rosemount 648 a kan tankunan mai: tana aiki, amma tana son makwabta

Idan tankunanka suna nesa da ɗakin kula da injina, kuma jan waya zuwa can zai fi kuɗin na'urar tsada, to Rosemount 648, na'urar auna zafi marar waya ta kamfanin Emerson, ta cancanci ka duba ta. Ita muka ɗora a tankunan man waken suya na masana'antar da nake aiki. Tana auna zafi, tana tura sakamakon ta iska zuwa akwatin tattara bayanai, daga can kuma ya shiga kwamfutarmu ta Modbus, wato tsarin da na'urorin masana'antu ke musayar bayanai da shi.

Tsarin sadarwa marar waya da take bi shi ne WirelessHART, wanda aka amince da shi a matsayin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 62591 a 2010. Tana magana a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, inda Wi-Fi ke cunkoso, sai dai tana tsalle daga tasha zuwa tasha, kowace na'ura kuma da nata lokacin magana na milisakan 10. Wi-Fi ɗin ofis bai taɓa katse mana karatu ba.

Haɗa ta ba wuya: ka shigar da lambar hanyar sadarwa da makullin shiga, ka miƙar da eriya tsaye, ka jira. Inda aikin yake shi ne wurin ajiye ta. Na'urorin nan junansu suke miƙa wa saƙo, kamar 'yan gini masu miƙon bulo, don haka ana son kowacce ta ga makwabta aƙalla 3. A fili tana kai mita 200 da 'yan kai, amma tsakanin tankunan ƙarfe da bututu abin yakan faɗi zuwa wajen mita 30. Ta tankinmu na ƙurya ta yi ta ɓacewa har sai da muka ɗaure wata a saman matakala don ta zama 'yar aike.

Batir kuwa ya danganta da kwaɗayinka. Karatu sau ɗaya a minti, zai yi shekaru. Ka ce sai kowane daƙiƙa, ka shirya sayen wani da wuri, ga shi ba a samunsa a Sabon Gari.

Kafin ka biya, tambayi dillali wane tsari ne. ISA100.11a, wani tsarin daban da kamfanonin Yokogawa da Honeywell suka fi riƙe wa, yana amfani da rediyo iri ɗaya da na WirelessHART, amma na'urarsa ba za ta shiga hanyar WirelessHART ba. Ni dai don sa ido nake amfani da ita. Abin da zai kashe tukunyar tururi cikin gaggawa har yanzu a kan waya na bar shi.