Baki Mai Boris ko Zoben Jagora: Wanne Ya Fi Dacewa da Haɗin Katako Mai Lanƙwasa?

Kafintan da ke son katako biyu masu lanƙwasa su haɗu ba tare da giɓi ba yana buƙatar samfurin da injin rauta (injin fere katako da haƙa rami a cikinsa) zai bi, kuma hanyoyin binsa biyu ne: baki mai boris da zoben jagora. Baki mai boris, wato ƙarfen yanka na rauta mai ɗauke da boris da ke bin gefen samfuri, yana yanka daidai da gefen samfurin, domin faɗin boris ɗaya ne da na bakin, saboda haka abin da aka fitar a allon samfurin na MDF (allon garin katako da aka matse) shi ne zai fito a katako. Sai dai idan ƙura ta cushe boris ya daina juyawa, yakan ƙona gefen samfurin.

Zoben jagora kuwa, wato zoben da ake ɗaurawa a gindin rauta ya bi gefen samfurin yayin da bakin ke ratsawa ta cikinsa, yana buƙatar lissafi, domin zobe mai milimita 16 da baki mai milimita 10 suna barin tazarar milimita 3 tsakanin gefen samfurin da inda aka yanka, wadda dole a yi la'akari da ita tun wajen zana samfurin, sannan a tabbatar bakin yana tsakiyar zoben sosai. A ganina, wajen fere gefe boris ya fi, amma wajen haƙa ramin haɗi a hankali, zurfi bayan zurfi, zoben nake zaɓa.