Kubar da ake canza wa ɗan makulli ba sai an cire silinda ba, ga yadda muka kwashe da ita

Duk mai kula da gidan haya a Kano ya san wannan wahalar, ɗan haya zai tashi ya miƙo maka ɗan makulli ɗaya ya ce sauran sun ɓata, kai kuma ba ka san a hannun wa suke ba, dole ka nufi Ƙofar Ruwa ko France Road ka sayo sabuwar silinda. Ɗakunan Baba da nake kula da su a Rijiyar Zaki yawanci ɗaliban BUK ne a ciki, kun dai san su, wannan ya fita wancan ya shigo, abokai kowa da kwafinsa a aljihu. Shi yasa da ƙanina ya aiko min da irin kubar nan ta Amurka wadda kai da kanka za ka canza mata makulli, wallahi na ji daɗi ba kaɗan ba.

Kuma gaskiya tana aikin da aka ce tana yi. Za ka zura makullin da yake buɗe ta yanzu, ka murɗa shi kwata, wato digiri 90, akwai wata 'yar ƙaramar huda a gefen ramin makullin, nan za ka tura wani siririn ƙarfe da yake zuwa a cikin kwalin har ka ji ya danna, ka zare shi, ka zare tsohon makullin ba tare da ka juya komai ba, sai ka sa sabon har ƙarshe ka murɗa shi baya rabin zagaye. Shikenan, ko minti ɗaya ba a yi ba tsohon ya daina aiki. Da na gwada a gaban Baba sai da ya karɓi tsohon makullin ya jarraba da hannunsa, ya ƙi juyawa, ya ce kai Allah mai iko. Sa ta a ƙofa ne ya ɗan ba kafinta aiki, don ita rami take so zagayayye mai faɗin milimita 54, ba irin doguwar silindar da ƙofofin ƙarfenmu suke ɗauka ba, a ƙofar katako dai ba matsala. Haka na sa irinta a ɗakunan ɗaliban, da sito, da ƙofar ɗakina.

To amma ga inda raina ya ɓaci, har yanzu in na tuna sai na ji zafi. Akwai wani yaro a ɗakin ƙarshe da muka ɗan samu saɓani kan kuɗin haya, ban kore shi ba, ban ma ɗaga masa murya ba, na ce dai ya cika kafin ƙarshen wata. Ashe ya shiga YouTube ya kalli yadda ake yi, ya miƙar da ƙarfen maƙale takarda ya tura a hudar nan, ya mayar da kubar ɗakinsa kan makullin abokinsa na ɗakin kusa tunda duk iri ɗaya ne, suka tafi hutu su biyun. Ana cikin haka famfon banɗakinsa ya fashe cikin dare, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya cika baranda har ya fara shiga ɗakunan mutane, aka kira ni na zo da sifiyar makullin ɗakinsa, na sa, ko motsi. Na zaci ƙura ce ta shiga don lokacin hunturu ne, na busa na sake sawa, ina. Ina kiran wayarsa a kashe, yara suna ta kwashe katifu da littattafai, wata baiwar Allah har kuka take kwamfutarta ta jiƙe, ni kuma ina tsaye da makulli a hannu a gidan mahaifina ban da ikon buɗe ɗaki. Sai bayan asuba muka samu mai walda ya zo ya huda kubar da dirili, sabuwa fil ta tashi a banza. Daga baya abokin nasa ne ya faɗa min abin da suka yi, ashe da sifiyar ɗakinsa na gwada da ta buɗe, amma wa zai kawo haka a ransa a wannan daren.

Abin da ya kamata a sani kenan tun farko, kubar ba ta san mai gida ba, duk wanda yake riƙe da makulli mai aiki shi ma zai iya canza ta ya bar ka a waje. Kuma in ɗan haya ya tafi da makullan gaba ɗaya ba ka da ko ɗaya, wannan sauƙin da ake ta yabo babu shi, sai an kwance ta. Ga kuma neman ɗanyen makullinta, masu yankan makulli na Sabon Gari da na tambaya wasu ba su da irinsa, wanda ya yanka min kuma sai an jijjiga kafin ya buɗe, kuma ba na so in saita kuba kan makullin da bai fita daidai ba.

Ta sito da ta ƙofar ɗakina na bar su, can ni kaɗai nake riƙe makulli kuma ina jin daɗinsu sosai, ranar da yaron shagona ya bar aiki nan take na canza ta sito. Ɗakunan ɗalibai kam na fara mayar da su kan silinda ta gama gari, saura biyu, kafinta ya ce sai ya toshe ramukan da ya huda tukuna.