Fim ɗin barkwanci kan tsohon Hollywood: wanne za ka saya, kuma wane faifai za ka guje wa?

Idan fim ɗin ban dariya kake nema kan yadda ake harkar fim a zamanin manyan kamfanonin Hollywood, lokacin da kamfani ke ɗaure jarumi da kwantiragin shekaru kamar kadararsa, guda huɗu ake yawan ambata. Wanda ya cancanci kuɗinka shi ne Singin' in the Rain.

Kamfanin MGM ya fitar da shi a 1952, Gene Kelly da Stanley Donen suka ba da umarni, tsawonsa minti 103. Labarin a 1927 yake, shekarar da sauti ya shigo fim ya birkita waɗanda suka yi suna a fina-finan da ba a magana. Jarumar cikin labarin, Lina Lamont, wadda Jean Hagen ta fito a matsayinta, kyau kam Allah ya ba ta, amma murya kamar ana kankare ƙanzo. A ɓoye makirfo cikin furanni, ta kau da kai, magana ta ɓace. A ɗinke shi a rigarta, ya kwaso bugun zuciyarta. Mai kamfani ya shigo ya fizgi waya, sai ga ta a ƙasa. Ranar nunin gwaji kuwa sauti ya saɓa da hoto, mugu yana magana da muryar mace, 'yan kallo suna ta sheƙa dariya. Irin wannan ba sai ka ji Turanci sosai ba, kuma wanda ya saba da fim ɗin Indiya ba zai ga waƙa da rawar baƙo ba. Aibinsa ɗaya: akwai wata doguwar rawa can gaba da ba ta ƙara wa labarin komai, kuma shigar mai rawar ba ta kallon falo da yara ba ce. A wuce ta.

Hail, Caesar! na 2016, aikin 'yan'uwan Coen, yana da George Clooney a matsayin jarumin da aka sace ana tsakar ɗaukar fim, amma rabin dariyarsa a wasa da kalmomin Turanci take. The Artist na 2011 ya lashe Oscar biyar, sai dai baƙi da fari ne, kusan babu magana, kuma tausayi ya fi dariya yawa. Babylon na 2022 ya haura awa uku, cike da batsa. Bar shi a kanti.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen faifai. Hoton Singin' in the Rain kusan murabba'i ne, 1.37:1, don haka kwafi na gaskiya yana barin baƙi a hagu da daman talabijin. Masu kwafin sata sukan miƙe hoton ya cika allo, fuskoki su yi faɗi, ko su datse sama da ƙasa. A fim ɗin da ƙafa ce ke aiki, an yanke ƙafa, me ya rage?

Juya faifan ka duba bayansa. Na kamfani ruwan azurfa ne. Idan ka ga shunayya, a kwamfuta aka ƙona shi. DVD mai shafi ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, don haka mai fim ashirin a ciki an matse kowanne, launin Technicolor (fasahar launin da aka yi fim ɗin da ita) ya dusashe, ruwan saman da Gene Kelly ke rawa a cikinsa ya koma ɗigo-ɗigon murabba'ai. Haka abin yake wajen masu tura fim a waya idan fayil ɗin ƙarami ne.

Sai lambar yanki, wadda ke hana faifan wani yanki aiki a na'urar wani yanki. DVD ɗin Amurka yanki na 1 ne, na Turai 2, Najeriya da Nijar suna 5. A Blu-ray kuwa, faifan da ya fi DVD kyan hoto, Afirka da Turai duk B ne, Amurka A. Faifan 4K, mai hoto mafi kyau, da kamfanin Warner ya fitar a 2022 ba shi da kullen yanki, amma sai da na'urarsa ta musamman.

Kafin ka biya, sa mai shago ya kunna maka hirar farkon fim ɗin, ka dubi leɓe da murya. Kada ka gwada da wurin nunin gwajin nan, domin a can da gangan aka saɓa su, kuma mai son ya sayar maka da lalataccen kwafi zai ce ai duk fim ɗin haka yake.