Allunan zamiya na gwanjo da na saya a Grenoble

Ni ɗan Damagaram ne, sanyin da na tashi na sani shi ne na hunturu mai fasa leɓe da dunduniya. Karatu ya kawo ni Grenoble a Faransa, garin da ke cikin kwari, duwatsun Belledonne da Chartreuse da Vercors sun yi masa zobe. A nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1968, kuma har yau hirar Litinin da safe ba ta wuce inda kowa ya je ya yi zamiya a dusar ƙanƙara. Sanyi biyu na yi ina koyo a Chamrousse, wurin zamiya da ke kusa da garin, da allunan haya, dogaye guda biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, inji ya haura da ni, in gangaro ina faɗuwa ina tashi. A na uku sai na yi sha'awar abin da abokan ɗakin bincikenmu ke yi: a hau dutsen da ƙafa, alluna a ɗaure, sannan a gangaro inda ba a share hanya ba, babu layi.

Sabon kaya ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka na faɗa Leboncoin, kasuwar gwanjon Faransawa ta intanet. A watan Nuwamba na ci karo da wasu alluna masu faɗi, irin waɗanda aka ƙera don dusa mai laushi da ta zubo cikin dare, wadda ke tashi kamar garin gero idan an ratsa ta. Faɗin ƙugunsu milimita 112, tsawonsu santimita 184, da maɗaurin takalmi a kai, duka Yuro 180. Mai su dattijo ne, ya tarbe ni a garejinsa, ya ce gwiwa ce ta sa ya ajiye. Bai ɓoye mini komai ba, har ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ba su yi maka yawa ba?" Tsawona santimita 172 ne. Na ce a'a. Hotunan da nake gani na masu iyo a cikin dusa har ƙirji su suka rufe mini ido, na ƙirga kuɗi na saɓa abina.

An ce araha ba ta ado, to wannan tun a shagon mai gyara ta fara nuna hali. Maɗaurin da ke kai tsohon yayi ne mai ƙarfe dogo a ƙarƙashin takalmi, duk taku sai ka ɗaga shi gaba ɗaya. Na so a canja mini shi da na zamani, wanda ke cafke hancin takalmi da 'yan ƙusoshi biyu, dunduniya ta saki. Da mai gyaran ya kwance tsohon, sai ga ramukan da aka cike da roba a ƙarƙashinsa, alamar an taɓa ɗaura wani kafin wannan. Nawa zai zama huji na uku ke nan. Ya ɗauko ma'auni yana neman inda zai samu tazarar santimita ɗaya tsakanin sabon rami da tsoho, a ƙarshe dole ya ja maɗaurin baya kaɗan daga inda ya kamata. Ya ce daga wannan babu na huɗu.

Sai fata. Wannan ita ce abar da ake mannawa a ƙasan allo lokacin hawa. Gashinta kwance yake gefe guda, kamar bayan akuya: ka shafa ta gaba santsi, ka shafa ta baya ta turje. A da can fatar wata dabbar teku ake sawa, har yau ma sunan da Faransawa ke kiranta ke nan, amma yanzu da gashin akuyar Angora da nailan ake saƙa ta. Allo mai faɗi fata mai faɗi yake ci, ta fi tsada, ta fi nauyi, ta fi jan ƙafa. Ƙarfen haƙoran da ake ƙarawa don taka daskararriyar ƙanƙara shi ma sai na nemo mai faɗin da zai shige. Kafin in taka dusa ko sau ɗaya, abin da na kashe a kan allunan ya ninka kuɗin sayensu fiye da biyu, takalmi ba ya cikin lissafi.

Ranar da na gane kurena a Chamechaude ne, dutse mafi tsawo a Chartreuse, mita 2,082. Daga Col de Porte ake tashi, wajen mita 1,326, kuma duk ɗan koyo na Grenoble nan ake fara kai shi. Mun fita da asuba mu huɗu. An kwana biyar ba a yi dusa ba, jama'a sun tattake hanyar cikin kurmi ta zama kamar gilashi. Sawun da ake bi masu siraran alluna suka buɗe shi, nawa ba sa shiga, ɗaya a ciki ɗaya a kan gaɓa, ina tafiya kamar agwagwa. Inda hanya ta ratsa gangare a karkace, gefen allon ya ƙi kamawa, don ƙafata ta yi nisa da bakin ƙarfen, idon sawuna ya ɗauki zafi. Wurin juyawa kuwa, inda ake ɗaga ƙafa ɗaya a murɗa ta a bi da ɗayar, wutsiyar allon ta dinga harɗewa. Sau uku ina zama daɓas. Kowane allo ya haura kilo biyu, na abokiyar tafiyarmu bai kai ɗaya da rabi ba, kuma mahaya dutse na da zancen da suke yi cewa kilo ɗaya a ƙafa ya kai biyar a baya. Na isa ƙarƙashin ƙolin rabin awa bayan kowa, cinyoyina na rawa, ga gangarowa a gabana ba ni da sauran ƙarfin yinta.

Da na ba Inna labari a waya, shiru ta yi sannan ta ce, "To me ka je ɗaukowa a can saman?" Na ce ba komai. Ta ce, "Allah ya shirye ka."

Amma ba zan ci amanar allunan nan ba. A watan Janairu an kwana ana zuba, muka fita Belledonne, muka zaɓi gangare mai sauƙi saboda rahoton Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, ya sa hatsarin zaftarewar dusa a mataki na 3 cikin 5. Da muka juya ƙasa, abokaina masu siraran alluna suna nutsewa suna kokawa, ni kuwa hancin nawa ya ɗago da kansa, babu ƙara babu girgiza, sai wani shuu a kunne da dusa na watso mini a gwiwa. Ban taɓa jin irin wannan ba. Ni da na fi kowa rashin iyawa, ranar ni aka tsaya ana kallo. Sai dai na ƙirga fitata ta sanyin gaba ɗaya, sau 14, irin wannan rana biyu kacal na samu. Sauran ko ƙanƙara ce mai tauri, ko ɓawon da iska ta daskarar, ko dusar bazara mai nauyi kamar kunu.

Abu ɗaya da ban yarda na saya a gwanjo ba shi ne na'urar neman wanda dusa ta binne, wadda ke aika sigina a kan kilohaz 457. Ita da shebur da sandar soke dusa sababbi na saya, na kuma je atisayen da ƙungiyar mahaya dutse ke shiryawa.

Gwanjon kansa ba ni da ƙorafi a kai, allo ba ya lalacewa don ya canja hannu. Wanda zai saya ya duba ramuka nawa ne a jiki, ya bi bakin ƙarfen da yatsa ko akwai tsagewa, ya leƙa hanci da wutsiya ko sun fara ɓarewa, ya tabbatar maɗaurin zai karɓi tsawon tafin takalminsa. Ya fi kyau a samu allo da maɗauri da fata a haɗe wuri guda. Faɗin kuma, ga mai fara hawa a irin duwatsunmu na nan, tsakanin milimita 85 da 95 ya isa, tsawon kada ya wuce kansa.

Bana na samo masu milimita 88 a kasuwar tsofaffin kayan zamiya da ake ci kafin sanyi ya shigo, huji ɗaya ne a jikinsu. Manyan suna nan jingine a bayan ƙofa. Na sa su a kasuwa sau ɗaya, wani ya tambayi ramuka nawa ne, na faɗa masa gaskiya, bai sake kira ba, ni ma ban neme shi ba.