Isokorb a barandar gidanmu, bayan hunturu ya gwada shi

Duk wanda ya zauna a tsohon bene a Jamus ya san baƙar fumfunar nan da ke fitowa a kusurwar ɗaki, daidai inda baranda ta haɗu da bango. Kankaren ɗakin da na barandar zubi ɗaya ne, rodi ya ratsa su. Ɗumin da ka biya kuɗin gas ka tara sai ya bi kankaren ya sulale waje, kusurwar ta yi sanyi, raɓa ta kwanta, fenti ya fara ɓarewa.

Da muka zo yin namu ginin, injiniya ya ce lallai a sa Isokorb don tare wannan ɗumin, na kamfanin Schöck da ke garin Baden-Baden a nan Jamus, wanda ya fito da shi tun 1983. A ido ba wani abin a zo a gani ba ne: dogon soso mai tauri, irin wanda ake tallafe firiji da shi a kwali, kaurinsa santimita 8 ko 12, rodi sun fito ta gefe biyu. Amma inda rodin ya ratsa soson, ƙarfe ne marar tsatsa, wanda zafin da yake wucewa da shi bai kai sulusin na rodin gini ba. A ƙasa kuma akwai 'yan tubalan kankare masu ƙarfi da ke tokare nauyin barandar. Ana jera shi ne tsakanin ɗaki da baranda kafin zuba kankare, daga nan ba ka ƙara ganinsa.

Ƙa'idar gini ta nan ta ce idan waje ya kai digiri 5 ƙasa da sifili, ɗaki kuma 20, kada fuskar bango ta ciki ta gaza 12.6. A Janairu na auna tamu kusurwar, ta haura haka sosai. Yara na zama a gindin ƙofar barandar ba safa, abin da ba ya yiwuwa a gidan hayar da muka baro.

Kuɗi kam ya ci, ba ƙarya. Kuma sai an tsaya a kan ma'aikata: ɗaya daga cikin masu ɗaurin rodinmu ya so lanƙwasa sandar da ta tokare masa hanya, Allah ya sa injiniya na wurin.

Wani ɗan'uwa mai gini a Abuja ya tambaye ni ko ya yi odarsa. Na ce ya fara da rufi da tagogi, don ta nan rana ta fi shigo masa.